Laifi tudu ne: Yadda Ohio State da Michigan ke hango ɓarnar juna a ƙwallon jami'o'in Amurka

A ranar Asabar 30 ga Nuwamba, 2024, ana tashi daga wasa a filin Ohio Stadium da ke birnin Columbus, sai wuri ya yamutse. 'Yan wasan Jami'ar Michigan sun je baƙunta sun ci 13 da 10 a wasan da kusan kowa ya ɗauka kashi za su sha, don haka suka ɗauko tutarsu mai harafin M suka nufi tsakiyar fili za su kafa ta a kan tambarin masu gida.

'Yan wasan Ohio State suka ce ba dai a gabansu ba. Aka kaure da naushi da ture-ture, ɗaya daga cikinsu ya fizge tutar ya yar, kuma sai da 'yan sanda suka fesa ruwan barkono kafin a raba su.

Washegari hukumar Big Ten, wato rukunin gasar da jami'o'in biyu ke ciki, ta ci kowacce tarar dala 100,000. Wani ɗan majalisar dokokin jihar Ohio ma ya gabatar da ƙudurin da zai mayar da kafa tuta a tsakiyar filin babban laifi.

Wannan tara ita ce kusan karo ɗaya tilo da aka auna wa ɓangarorin biyu da mudu guda. A sauran shari'o'in da suka shiga cikin shekaru 15 da suka wuce, girman hukunci bai cika bin girman laifi ba. Ya fi bin zamanin da aka yi laifin, da kuma wanda ya rage a wurin lokacin da hukuncin ya sauka.

Gabar da ta girmi kowa

Ƙwallon da ake magana a nan ita ce irin ta Amurka, mai kama da zari-ruga, wadda ake sa hular kwano ana gudu da ƙwallo a hannu. Masu buga ta a wannan mataki ɗalibai ne, amma harkar ta wuce wasan makaranta. Filin Michigan da ke Ann Arbor na ɗaukar mutum 107,601, na Ohio State ma ya haura 100,000, kuma masu horarwa na karɓar miliyoyin daloli a shekara.

Ƙungiyoyin biyu sun fara haɗuwa a 1897. Jihohinsu maƙwabta ne, kuma tun a 1835 sun taɓa ja-in-ja kan yankin Toledo da ke kan iyaka. Woody Hayes, kocin da ya riƙe Ohio State daga 1951 zuwa 1978, ba ya son ambaton sunan Michigan, sai dai ya ce ƙungiyar can ta arewa. Har yau a makon wasan, ɗalibai a Columbus kan bi allunan jami'a suna liƙe harafin M da jan tef.

A irin wannan yanayi, koci zai iya cin duk wasanninsa na shekara, amma in ya faɗi wannan guda ɗaya kujerarsa ta fara rawa. Nan ne tushen yawancin abin da ya biyo baya.

Wandon zinare da zanen jiki

Akwai wata al'ada a Ohio State tun 1934. Duk shekarar da aka doke Michigan, ana bai wa kowane ɗan wasa wani ɗan ƙaramin abin wuya na zinare mai siffar wando. Asalinsa maganar koci Francis Schmidt ce, wanda ya ce wa yaransa su daina tsoron 'yan Michigan domin su ma da ƙafa ɗaya-ɗaya suke sa wando kamar kowa.

A watan Disambar 2010 aka gano cewa wasu 'yan wasa sun sayar da irin waɗannan kyaututtuka, da zobban cin kofi da riguna, ga wani mai shagon zanen jiki a Columbus da jami'an tsaro na tarayya ke bincike a kansa kan safarar miyagun ƙwayoyi. Wasu kuɗi suka karɓa, wasu kuma rangwame aka yi musu a zanen. Kayan nasu ne, ba sata suka yi ba. Sai dai dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta haramta wa ɗalibi cin riba daga matsayinsa na ɗan wasa a wancan lokaci.

Aka dakatar da mutum biyar, ciki har da Terrelle Pryor, jagoran 'yan gaba kuma tauraron ƙungiyar, wasanni biyar na farkon kakar 2011. Abin mamakin shi ne an bar su suka buga babban wasan Sugar Bowl na ranar 4 ga Janairu, 2011, wanda ke kawo kuɗin talabijin masu yawa, suka doke Arkansas 31 da 26. Hukuncin ya jira har sai da aka gama cinikin.

Duka-duka abin da 'yan wasa takwas suka samu bai wuce kimanin dala 14,000 ba.

Da maganar ta tsaya nan da ba ta yi nisa ba. Amma a watan Maris na 2011 ta fito fili cewa kocinsu Jim Tressel ya san zancen tun Afrilun 2010, lokacin da wani lauya ya aiko masa da saƙon imel. Bai sanar da jami'a ba, kuma a Satumbar shekarar ya sa hannu a takardar da ke cewa bai san da wata karya doka ba. Ya ci gaba da sa yaran a wasa har ƙarshen kaka.

Tressel mutum ne da ake gani da kamala, mai yawan magana kan tarbiyya da addini, ga shi ya ci Michigan sau tara a haɗuwa goma. Da farko jami'ar wasa biyu kacal ta dakatar da shi tare da tarar dala 250,000. Da 'yan jarida suka tambayi shugaban jami'ar, Gordon Gee, ko ya yi tunanin korar kocin, sai ya amsa cikin raha cewa shi dai fatansa kada kocin ya kore shi. Raha ce, amma ta faɗi gaskiyar wanda ke da ƙarfi a harabar.

Matsin lamba ya yi yawa, Tressel ya ajiye aiki a ranar 30 ga Mayu, 2011. Bayan 'yan makonni jami'ar ta yafe masa tarar, ta kuma mayar da murabus ɗin ritaya. Ta soke nasarori 12 na kakar 2010, har da wadda aka samu a kan Michigan. A Disamba NCAA ta ƙara da nata: rage guraben tallafin karatu tara cikin shekara uku, takunkumin shekara biyar kan Tressel, da hana ƙungiyar shiga wasannin cin kofi na bayan kakar 2012.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ciwo. A 2012, ƙarƙashin sabon koci Urban Meyer, Ohio State ta ci duk wasanninta 12, amma ta zauna a gida tana kallon wasu suna neman kofin ƙasa. Mafi yawan yaran da suka buga kakar ba su sayar da ko maɓalli ba. A wasan ƙarshe na shekarar, wanda aka yi da Michigan, tsoffin 'yan wasan Tressel da suka ci kofin 2002 sun ɗaga shi a kafaɗa a cikin fili, 'yan kallo na tafi.

Mutumin da ke sayen tikiti

Shekaru goma sha biyu bayan faɗuwar Tressel, ƙaho ya juya.

Michigan ta yi rashin nasara a hannun Ohio State sau takwas a jere daga 2012 zuwa 2019. Koci Jim Harbaugh, tsohon ɗan wasan jami'ar da aka ɗauko domin ya share wannan hawaye, ya faɗi biyar ɗinsa na farko. Daga 2021 sai lamari ya sauya: 42 da 27, sai 45 da 23 a 2022.

A Oktoban 2023 aka ji cewa NCAA na bincikar wani ƙaramin ma'aikacin ƙungiyar mai suna Connor Stalions, tsohon hafsan soja, wanda albashinsa bai wuce kimanin dala 55,000 a shekara ba.

Sai an fahimci yadda ake wasan kafin a gane laifin. Kafin kowane bugu, masu horarwa a gefen fili kan aika wa 'yan wasa dabarar da za a bi ta hanyar inkiya da hannu ko alluna masu hotuna. Wanda ya karanta inkiyar abokin karawa ya san inda za a bi tun ba a motsa ba. Ƙoƙarin gane inkiya ana cikin wasa, ko daga hoton talabijin, ba laifi ba ne, kowa na yi. Abin da aka hana tun 1994 shi ne tura mutum ya je filin wasan ƙungiyar da za a kara da ita nan gaba a kakar domin leƙen asiri. Asalin dokar ma don rage kashe kuɗi aka yi ta, saboda ƙananan jami'o'i ba za su iya biyan kuɗin tafiye-tafiyen ba.

Stalions ya riƙa sayen tikiti yana tura mutane su zauna daura da bencin ƙungiyar da ake hari, su ɗauki masu inkiya da wayar hannu tun daga farko har ƙarshe, shi kuma ya zauna ya warware. Binciken NCAA ya ƙirga sau 56 da aka yi haka a wasanni 52, kan ƙungiyoyi 13, tsakanin 2021 da 2023. A 2022 kaɗai ya kashe kusan dala 35,000 a tikiti. Mutanen nasa yakan kira su KGB, sunan hukumar leƙen asirin tsohuwar Tarayyar Sobiyet. An kuma gan shi cikin ɓad-da-kama a gefen fili, sanye da kayan jami'ar Central Michigan, a wasanta da Michigan State na ranar 1 ga Satumba, 2023.

Da bincike ya taso, hujjoji suka fara ɓacewa. Rahoton kwamitin ya ambaci cewa Stalions ya ce ya jefa wayarsa a cikin wani kududdufi. Sherrone Moore, mataimakin Harbaugh, ya goge saƙonni 52 da suka yi musaya da Stalions, ko da yake daga baya an dawo da su. Stalions ya ajiye aiki a farkon Nuwamba.

Big Ten ba ta jira NCAA ba. A ranar 10 ga Nuwamba, ƙungiyar na cikin jirgi kan hanyar zuwa wasa da Penn State, aka sanar da dakatar da Harbaugh wasanni uku. Karo na biyu ke nan a kaka guda, domin a farkonta ma ya zauna wasanni uku kan ganawa da matasan da ake zawarci a lokacin da aka hana hakan saboda korona. Jami'ar ta garzaya kotu, sannan ta janye.

Harbaugh ya sha nanata cewa bai san abin da Stalions ke yi ba. Magoya bayan Michigan kuma suna da hujjar da ba a iya watsarwa da sauƙi: bayan tafiyar Stalions, kowa ya canza inkiyarsa, amma duk da haka sun ci Penn State, sun ci Ohio State 30 da 24, sun ci Alabama, sannan suka lallasa Washington 34 da 13 a ranar 8 ga Janairu, 2024, suka ɗauki kofin ƙasa da nasara 15 ba faɗuwa. Shugaban NCAA Charlie Baker da kansa ya ce da guminsu suka ci. Jami'ar ta kuma yi zargin cewa wasu abokan hamayya, har da Ohio State, sun taɓa miƙa wa Purdue inkiyoyin Michigan a 2022, zargin da kocin Ohio State Ryan Day ya musanta.

Mutanen Columbus na da tasu amsar. Shekara uku da aka yi ana leƙen su ne shekarun da Michigan ta farfaɗo, kuma ƙungiyar da ta saba da nasara ta fi sauƙin jawo ƙwararrun matasa. In dabarar ba ta da amfani, me ya sa mutum zai zuba dala 35,000 a kanta?

Babu wanda zai iya raba wannan gardama da lissafi. Abin da NCAA ta yi shi ne kashe tushen matsalar: daga kakar 2024 an amince a sa na'urar magana a hular ɗan wasa, kamar yadda ake yi a gasar ƙwararru ta NFL.

Hukuncin kuɗi

A ranar 15 ga Agusta, 2025, kwamitin ladabtarwa na NCAA ya yanke hukunci. Michigan za ta biya dala 50,000, da kashi 10 cikin 100 na kasafin ƙungiyar, da kason da za ta samu daga wasannin bayan kaka na 2025 da 2026. Kafafen yaɗa labarai sun ƙiyasta jimillar ta haura dala miliyan 20, wasu ma sun kai ta 30. An ƙaƙaba wa Stalions takunkumin shekara takwas, Harbaugh kuma shekara goma, wanda zai fara a 2028 bayan ƙarewar wani na shekara huɗu da ke kansa. Kwamitin ya same shi da sakaci wajen sa ido da kuma ƙin ba da haɗin kai.

Ba a soke nasara ko ɗaya ba, kuma ba a hana ƙungiyar shiga gasar cin kofi ba. Kwamitin ya amince cewa laifin ya isa a hana ta na fiye da shekara ɗaya, amma ya ce yin hakan zalunci ne ga ɗaliban yanzu kan abin da mutanen da suka riga suka tafi suka aikata.

Wannan dalili mai kyau ne, kuma a ganina daidai ne. Matsalarsa ɗaya: ya zo wa yaran Ohio State na 2012 a makare da shekara 13. Masu kare NCAA na cewa shari'o'in sun bambanta, domin ana soke nasara ne idan an sa ɗan wasan da bai cancanta ba, kuma a Michigan ba a yi hakan ba. Ta fuskar rubutacciyar doka haka ne. Amma mai kallo daga nesa zai ga cewa sayar da zobenka na kanka ya goge kaka guda daga tarihi, alhali shirin leƙen asiri na shekara uku, wanda ya shafi abin da ke faruwa a cikin fili kai tsaye, ya ƙare a biyan kuɗi.

Takunkumin Harbaugh kuwa kusan a takarda ya tsaya. Makonni kaɗan bayan cin kofin ya koma NFL ya karɓi ƙungiyar Los Angeles Chargers, inda hannun NCAA ba ya kaiwa. Moore, wanda ya gaje shi, jami'ar ce ta fara yanke masa dakatarwar wasa biyu, ta zaɓi na uku da na huɗu a kakar 2025, abin da ya ba shi damar jagorantar babban wasa da Oklahoma, jami'ar da shi kansa ya buga wa ƙwallo. NCAA ta ƙara masa wasa ɗaya. A Disambar 2025 Michigan ta sallame shi kan wani batu dabam, inda ta ce bincikenta ya gano yana da alaƙar da ba ta dace ba da wata ma'aikaciya.

Abin da littafin doka bai taɓa ba

Manyan laifuffuka, waɗanda suka cutar da mutane a jikinsu, ba su ne suka jawo hukunci mafi tsanani a fagen wasa ba.

A 2018 Ohio State ta kori mataimakin koci Zach Smith bayan zarge-zargen cin zarafin tsohuwar matarsa, waɗanda ya musanta. Smith jika ne ga Earle Bruce, ubangidan Urban Meyer a harkar horarwa. Binciken jami'ar ya gano Meyer bai tafiyar da batun yadda ya kamata ba, kuma abin da ya fara faɗa wa 'yan jarida kan abin da ya sani bai zo daidai ba. An dakatar da shi wasa uku. Ya dawo, ya ci Michigan karo na bakwai a haɗuwa bakwai, ya yi ritaya a ƙarshen kakar.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, kuma a nan babu ɓangaren da zai yi wa wani dariya. Rahoton da aka fitar a 2019 ya ce likitan wasanni na Ohio State, Richard Strauss, ya yi lalata da aƙalla ɗalibai maza 177 tsakanin 1979 da 1996, kuma ma'aikata da dama sun ji ƙorafi ba su ɗauki mataki ba. A Janairun 2022 Michigan ta amince ta biya dala miliyan 490 ga mutum fiye da 1,000 da suka ce likitanta Robert Anderson, wanda ya yi aiki daga 1966 zuwa 2003, ya ci zarafinsu. Wasu tsoffin 'yan wasa sun ce sun kai ƙara wurin shahararren koci Bo Schembechler bai yi komai ba, yayin da wasu daga iyalinsa suka ƙaryata hakan. Likitocin biyu sun mutu kafin asirinsu ya tonu a bainar jama'a. Babu wasa ko ɗaya da aka soke a kan waɗannan.

Hukunci mafi sauri a tarihin ƙungiyoyin biyu shi ne wanda aka yi wa Woody Hayes. A ranar 29 ga Disamba, 1978, ana gab da tashi daga wasan Gator Bowl, ɗan wasan Clemson Charlie Bauman ya cafke ƙwallon da Ohio State ta jefa, aka ture shi zuwa gefen fili. Hayes, mai shekara 65, ya kai masa naushi a wuya. Da safe aka kore shi bayan shekara 28 yana aiki. Bambancin kawai shi ne an yi abin a gaban kyamara, duk ƙasa na kallo. Cibiyar atisayen ƙungiyar a yau sunansa take ɗauke da shi.

Ina suke yanzu?

Dokar da ta kama Pryor da abokansa ta sauya. Daga 1 ga Yuli, 2021, ɗalibi na iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa, kuma bayan sulhun da kotu ta amince da shi a Yunin 2025, jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekara kai tsaye.

Pryor ya bar jami'a a Yunin 2011 bai buga shekararsa ta ƙarshe ba. Da ya shiga NFL, hukumar gasar ta ɗauko dakatarwar wasa biyar ɗin ta bi shi da ita can. Harbaugh bai gamu da irin haka ba.

Tressel ya zama shugaban Jami'ar Youngstown State a 2014, kuma a Fabrairun 2025 aka naɗa shi mataimakin gwamnan jihar Ohio.

A Yulin 2021, 'yan wasan nan biyar sun rubuta wasiƙa suna roƙon a mayar musu da nasarorinsu na 2010, tunda yanzu an yarda ɗalibi ya ci gajiyar sunansa. NCAA ta ce ba za ta sake duba tsoffin hukunce-hukunce ba.